Muguwa a Majigi, Jakadiya a Fada

Daga Gwiwa, ƙasar Kazaure

 Labarin da muka ɗauko muku yau na wata mace ne wadda da yawa daga cikinku ba su taɓa zama don kallon aikinta ba, amma da wuya a sami gidan da ba a san sunanta ba, tun daga nan Gwiwa har Roni, daga Kazaure har Babura. Sunanta Hajiya Saratu Giɗaɗo, laƙabinta Daso, sana'arta kuwa wasan kwaikwayo. Kada mai karatu ya naɗe takarda don ya ji an ambaci wasa. Gama abin da ke cikin labarin nan ya taɓa ma'auni biyu waɗanda kowanenmu ke riƙe da su kullum, watau wanda ake auna mutuncin mutum da shi, da wanda ake auna ladan ma'aikaci.

Ranar Talata, 9 ga watan Afrilu 2024, wadda ta yi daidai da 30 ga watan azumi na 1445, ana jajibirin ƙaramar salla, muna zaune a rumfar wani tela nan Gwiwa. Rumfa ta cika maƙil, kowa na jiran ɗinkinsa, keke na ta ƙara ba hutawa. Sai wani saurayi mai sayar da yadi ya duba wayarsa, ya yi salati, ya ce Daso ta rasu a Kano. Akwai wata dattijuwa a bakin rumfar, ta zo karɓar kayan jikokinta. Da jin haka sai ta ce, "Wace Dason? Muguwar nan mai gallaza wa marayu?"

Wani dattijon malami da ke zaune gefe bisa tabarma ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, kin taɓa zaman gida ɗaya da ita ne?"

Ta ce, "A'a, Allah gafarta Malam, amma ai da idona na ga abin da take yi."

Ya ce, "Abin da idonki ya gani zane ne ta ara, in an tashi daga wasa takan mayar wa masu shi. Yau kuwa da nata zanen za ta tafi. Ki yi mata addu'a."

Dattijuwa ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Allah Ya jiƙanta, ni kuma Ya yafe mini."

Tun daga ranar nan maganar malamin ba ta bar zuciyarmu ba, ita ce kuwa ta sa muka ga ya kamata a ba da labarin matar nan dalla-dalla.

Madugu da sauran 'yan ayari

Dattawan fatake sun ji daga bakin iyayensu yadda ake tafiyar Gwanja a zamanin fataucin goro. In ayari ya tashi, sunan madugu ake ji, shi ake yi wa kirari a zango. Amma akwai jagaba mai sanin hanya da mashaya, akwai uban dawaki, akwai masu korar jakuna da masu ɗaurin kaya, waɗanda in babu su madugu ba ya ƙetare ko da rafi ɗaya. To, haka sha'anin fim yake. Akwai saurayi da budurwa waɗanda labari ke kewayawa a kansu, su ake kira jarumai ko taurari, hotonsu ake mannawa a bango. Sa'an nan akwai waɗansu da ba a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe: uwar miji, da kishiya, da dillaliya, da boka, da mai unguwa, da baran gida.

Turawa suna da suna na musamman da suke kiran irin waɗannan 'yan wasa, ma'anarsa da Hausa ita ce masu wasan hali. Dalili kuwa, ba kyan fuska ake nema gare su ba. Hali ake so su ɗauka, su sa shi kamar riga, su nuna shi ƙarara har mai kallo ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Wallahi akwai irin wannan a gidanmu." Tauraruwa kwanakinta ƙididdigaggu ne, yau ta fito, gobe ta yi aure ta bari, ko kuwa wata sabuwa ta ture ta. Mai wasan hali kuwa, shekaru ƙara mata ƙwarewa suke yi. Daso tana cikin manyan wannan rukuni a ƙasar Hausa.

Kwaikwayo ba baƙo ba ne gare mu

Kada a ɗauka da zuwan Turawa muka san aron hali. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya ga tashe, wanda yara ke farawa in azumi ya kwana 10. Yaro ɗan shekara 9 zai manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, ya yi ta tari, a yi dariya a ba shi hatsi ko kuɗi, ba kuwa wanda zai wayi gari ya gaishe shi gaisuwar dattijo. A fadojin sarakuna akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon Sarki da hakimansa, su nuna wa kowa tafiyarsa da maganarsa, wani lokaci har da aibinsa wanda ba mai iya faɗa masa a zaure.

Da boko ya zo sai wasa ya shiga takarda. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni don jan kunnen azzalumai da macuta. Malam Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, Malam Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. A shekarun 1950 motar majigi ta riƙa zaga garuruwa tana nuna Baban Larai don koya wa manoma gyaran noma. Daga nan rediyo da talabijin na Kaduna da Kano suka ɗauka, aka san su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan ne fa kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood.

Finafinan nan, in ka duba, kusan dukansu labarin cikin gida ne: kishi, da auren dole, da rabon gado, da riƙon maraya. Irin wannan labari kuwa ba ya tsayuwa sai da mai cutarwa. In babu uwar miji mai tsanani, da me za a gane haƙurin amarya? In babu kishiyar uwa mai hana tuwo, wa zai zubar wa maraya hawaye? Saboda haka dole a sami macen da za ta yarda ta ɗauki baƙin jini a kanta domin labari ya yi ma'ana. Ba kowace mace ce za ta yarda ba, ba kuma duk wadda ta yarda ce za ta iya ba.

Rayuwar Saratu

An haifi Saratu Giɗaɗo ranar 17 ga Janairu 1968. Asalin mahaifinta Gombe, amma Kano ce ta zama garinta, a nan ta yi suna, a nan kuma ta cika. Ba da ƙuruciya ta shiga fim ba. Sai a shekara ta 2000, tana da shekara 32, ta fara fitowa cikin wani fim mai suna Linzami da Wuta, na kamfanin Sarauniya da ke Kano. Bayansa aka gan ta cikin Nagari, da Gidauniya, da Mashi, da Sansani, da waɗansu masu yawa, har shekara 24 tana cikin sana'ar.

Mai karatu ya lura da shekarar da ta shiga. A shekarar ce Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a, a 2001 kuma aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar. A 2007 aka dakatar da shirya fim a Kano na waɗansu watanni. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta yi niyyar gina alƙaryar 'yan fim a Ƙofa ta ƙasar Bebeji, malamai da jama'a suka nuna ƙin abin, aka fasa. Watau dai tun ranar da ta sa ƙafa har ranar da ta bari, sana'ar tana cikin idon jama'a, ana yi mata kallon tuhuma. Ita kuwa nata nauyin biyu ne, ga tuhumar da ake yi wa 'yan fim baki ɗaya, ga kuma baƙin jinin halin da take ɗauka.

Wanda ya taɓa ganin wasanta ya san inda gwanintarta take. In ta shigo tsakar gida, kafin ta buɗe baki ka riga ka san yau ba zaman lafiya. Ta san inda ake sa harara, da inda ake jan tsaki, da inda ake kama ƙugu, da yadda ake jefa habaici ya wuce ta kan wadda ake nufi ya faɗa kunnen maƙwabta. Har wa yau takan gauraya masifa da ban dariya, mai kallo na jin haushinta yana dariya, bai san lokacin da ya gane wata gwaggonsa ko wata maƙwabciyarsa a jikinta ba. Wannan abu ba da ka ake yinsa ba. Sai wanda ya daɗe yana lura da mutane, ya san yadda hassada ke canja murya, da yadda kwaɗayi ke canja tafiya, kamar yadda dillalin shanu kan dubi sa sau ɗaya ya gaya maka shekarunsa.

To, ga abin mamaki. Matar nan da aka sani da tayar da gidaje a majigi, ita ce Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa jakadiya a zamanin sarautarsa ta fari, wadda ta kama daga 2014 zuwa 2020. Wanda ya san fada ya san mece ce jakadiya. Ita ce mai kai saƙo tsakanin Sarki da cikin gida, mai shiga inda namiji ba ya shiga, mai yi wa baƙi mata iso, mai jin abin da ba a so ya fita waje. Ba a ba mai tsegumi wannan aiki, ba a ba wadda ba ta san girman manya ba. Fada ta dubi matar, ba ta dubi zanen da take arawa ba.

A daren 30 ga azumin nan ta tashi ta yi sahur, ta koma ta kwanta, ba ta farka ba. Shekarunta 56. Ta bi sahun waɗansu 'yan'uwanta na sana'a waɗanda suka riƙe matsayin iyaye da kishiyoyi suka riga ta tafiya: Hauwa Ali Dodo, wadda aka fi sani da Biba Problem, ta rasu cikin hatsarin mota a farkon 2010, A'isha Ɗankano a 2016, Hauwa Maina a 2018, Zainab Booth a 2021. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

Takwararta ta ƙasar Amurka

Kada a ce mutanenmu kaɗai ne ke rikita ɗan wasa da wasansa don ƙarancin sani. Bari mu ƙetare teku mu je Amurka, inda sana'ar fim ta fi ko'ina ƙarfi, mu ga wata mata wadda abin da ya sami Daso ya same ta tun kafin a haifi Daso.

Sunanta Margaret Hamilton. An haife ta a birnin Cleveland ta Jihar Ohio ranar 9 ga Disamba 1902. Ta yi karatun koyar da ƙananan yara a birnin Boston, ta kuma yi aikin malanta a makarantar 'yan ƙanana kafin ta koma wasa. Fim ɗinta na fari ya fito a 1933. Ba ta da irin fuskar da masu fim na Holiwud ke nema ga taurari, saboda haka sai aka riƙa ba ta matsayin baranya, ko maƙwabciya mai gulma, ko tsohuwar budurwa mai tsaurin ido. Aurenta ya mutu a 1938, ta riƙe ɗanta guda ɗaya da wannan sana'a.

A shekarar nan ce kamfanin MGM ya ɗauke ta ta fito a matsayin muguwar mayya cikin wani fim na yara mai suna The Wizard of Oz, watau Bokan Ƙasar Oz, wanda ya fito a 1939. Aka shafe mata fuska da hannuwa da koren fenti mai haɗe da jan ƙarfe. Ranar 23 ga Disamba 1938 ana ɗaukar wani wuri inda mayya za ta ɓace cikin wuta da hayaƙi. Dabarar ita ce ta nutse ta wata ɓoyayyiyar ƙofa a daɓen dandali, sa'an nan a saki wuta. Sai wutar ta tashi tun ba ta gama nutsewa ba, ta ƙone ta a fuska da hannu. Sai da aka goge fentin nan daga kan ƙunar, domin jan ƙarfe dafi ne in ya shiga jiki. Ta yi mako 6 tana jinya. Da ta warke ta koma ta ƙarasa aikin, bisa sharaɗin ba ta sake kusantar wuta. Ba ta kai ƙara ba, don ta san in ta kai ba mai sake ɗaukarta aiki.

Duk fitowarta cikin fim ɗin ba ta wuce kamar minti 12 ba, amma minti 12 ɗin nan suka bi ta har ƙarshen ranta. Tauraruwar fim ɗin, Judy Garland, ita aka ƙaunata. Malamar yara kuwa ta zama dodon yara. Alhali matar nan ta zauna cikin hukumar ilmi ta garin Beverly Hills daga 1948 zuwa 1951 tana kula da sha'anin makarantu. Abin ya dame ta ƙwarai, har a 1975, tana da shekara 72, ta je wani shirin yara na talabijin wanda wani mutum mai suna Fred Rogers ke gabatarwa. Ta zo da fuskarta ta ainihi, ta ɗauki kayan mayya tana sawa ɗaya bayan ɗaya a gaban yara, don su gani da idonsu cewa tufa ce kawai, tsohuwa mai fara'a ce a ciki. Da shekara ta kewayo, a 1976, ta sake fitowa da kayan mayya cikin shirin Sesame Street, iyaye suka yi ta aika takardun kuka cewa 'ya'yansu sun firgita, aka ajiye wannan kashi ba a sake sa shi a shirin ba. A shekarun nan ne kuma ta yi suna da tallar gahawar Maxwell House, inda take fitowa a matsayin dattijuwa mai kanti. Ta rasu ranar 16 ga Mayu 1985 tana da shekara 82. A 2003 Cibiyar Finafinai ta Amurka ta jera miyagu 50 da suka fi shahara cikin finafinan ƙasar, mayyar nan ta zo ta 4, ita ce kuma ta fari cikin mata.

Mai karatu ya ga yadda labarin biyu suka yi kama. Waccan an amince mata da 'ya'yan mutane, wannan an amince mata da sirrin fada, amma kasuwa ta san su da mugunta. Ƙwarewarsu ce ta jawo musu. Da ba su iya ba, da ba wanda ya tsane su.

Ma'auni na fari

Ba mu ɗauki alƙalami don yanke hukunci kan halaccin fim ko haramcinsa ba. Wannan fage ne na malamai, sun kuwa yi magana a kansa, musamman kan cakuɗuwar maza da mata, da rawa da waƙa, da irin tufafin da ake sawa. Wanda ya ƙi sana'ar bisa hujja, hujjarsa tana nan, ba mu taɓa ta ba. Abin da muke faɗa dabam ne. Ko wanda ya ƙi sana'a ba shi da izinin jingina wa mai ita laifin da ba ta aikata ba. In za a yi wa 'yar wasa nasiha, a yi mata kan abin da ta yi da gaske. Amma a ce ta ci dukiyar maraya, ko ta raba aure, ko tana bin bokaye, don an ga haka a majigi, wannan ƙage ne, ko da mai faɗar bai nufa ba.

Malamai sun fi mu sanin abin da Suratul Hujurat ta ƙunsa game da zato da cin naman mutane. Sun kuma san ƙa'idar da ke cewa mai ba da labarin maganar ɓata ba shi ne mai ɓatar ba. Mai wa'azi yakan kawo maganar azzalumin sarki don jama'a su ji muninta, ba a taɓa kama shi da laifin sarkin ba. Ba muna daidaita dandalin wasa da zauren karatu ba ne, nesa ba kusa ba. Misali ne kawai, don a gane cewa nuna hali dabam, mallakarsa dabam.

Abin ba ƙarami ba ne a ƙasa irin tamu, inda suna ke gaba da dukiya. A nan in an kira mace mayya, ko an ce muguwar kishiya ce, maganar ba ta tsaya kanta ita kaɗai, sai ta shafi auren 'ya'yanta da zaman danginta. Fatake sun san haka sarai. Ɗan kasuwa zai yi shekara 20 yana gina amana, magana ɗaya ta ƙarya ta hana a ba shi bashin turmi guda. Kama da wane ba ta wane, in ji masu iya magana. Wanda ba ya so a auna shi da jita-jita, kada ya auna wani da hoto.

Ma'auni na biyu

Saura maganar lada, ita kuwa ta fi shafar 'yan kasuwa. A zamanin kaset, mai shirya fim yakan kai kayansa wurin manyan dillalai na Ƙofar Wambai da Bata a Kano, daga can ƙananan 'yan kasuwa su saro su bazu da shi, ta hanyar Kazaure da Daura har Damagaram, ta Katsina har Maraɗi. Daga baya faifai ya maye gurbin kaset, masu kwafar fim ba da izini ba suka yi yawa, kasuwar faifai ta mutu. Sai aka koma tura fim cikin waya a rumfunan caji, kana aka koma dogayen shirye-shirye a tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. A duk waɗannan sauye-sauye abu guda bai sauya ba: mai wasan hali sau ɗaya ake sallamarta, ranar da ta yi aikin. Fim ya yi shekara 10 ana kallonsa, ba ta da sauran rabo a ciki.

A 2022 wata dattijuwa cikin sana'ar, Hajiya Ladin Cima, wadda aka sani da Tambaya, ta yi hira da Sashen Hausa na BBC. Ta ce duk daɗewarta tana wasa, akwai aikin da ake sallamarta da naira dubu 2, ko 3, ko 5. Magana ta tashi ƙwarai. Waɗansu manyan masu shirya fim suka musa, suka ce sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Ba mu ne alƙalan wannan gardama ba. Amma gardamar kanta ta nuna ciwon, gama inda akwai farashi sananne da yarjejeniya a rubuce, ba a tsayawa musu kan abin da aka biya. Malamai sun san umarnin rubuta bashi, sun kuma san hadisin da ya yi horo da gaggauta biyan ɗan ƙodago.

A nan ma akwai abin dubawa a Amurka. 'Yan wasan can sun kafa ƙungiyarsu a 1933. A 1960 suka yi yajin aiki, suka sami yarjejeniya cewa in an nuna fim a talabijin za a riƙa ba 'yan wasan cikinsa wani kaso, aka kuma kafa musu asusun fansho da na jinya. Amma kason bai shafi finafinan da aka yi kafin 1960 ba. Saboda haka fim ɗin da ya ƙone Margaret Hamilton, wanda aka fara nunawa a talabijin a 1956, aka kuma yi ta maimaitawa shekara da shekaru, ba ya cikin lissafin. Gyara ya zo, amma ya iske waɗansu sun riga sun ba da ƙarfinsu. Darasin da ke nan ga masu sana'ar fim na ƙasarmu da ƙungiyoyinsu, irin su MOPPAN, shi ne a yanka wa kowane aiki farashi, a rubuta, a kuma tanadi wani abu don ranar tsufa da ciwo, tun masu aikin suna da rai.

Mu ma nan ƙauye muna da namu kason na alhaki. Duk mai rumfar da ke kwafar fim yana tura wa mutane cikin waya yana karɓar kuɗi, ba da sanin masu shi ba, ya tambayi kansa gumin wa yake sayarwa. In wani ya ɗebi geronka a rumbu ya kai kasuwa, ka san sunan da za ka kira shi. Kayan da ba a iya tallabe su a hannu ma kaya ne, suna da mai su.

Rufewa

Jama'a, ga labarin mata biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a Amurka, ba su san juna ba, ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba. Kowace ta ari mummunan hali ta nuna wa mutane, mutane suka manta da cewa aro ne. Dattijuwar nan ta rumfar tela ta yi abin da ya kamata, da aka tuna mata ta tuna, ta janye maganarta tun ba ta bar wurin ba. Ta karɓi kayan jikokinta, ta biya tela kuɗinsa cif, ta kama hanyar gida. Abin da ya rage mana ke nan mu ma: mu kyautata zato ga wanda ba mu zauna da shi ba, mu cika wa ma'aikaci mudunsa.

Allah Ya gafarta wa Hajiya Saratu, Ya sa ta huta, Ya ba iyalinta haƙuri. Mu kuma Ya tsare harsunanmu da ma'aunanmu. Haza wasalam.